Dogon gilashin kyamara mai sauƙin kuɗi: wanne ya dace da kai a Maradi?

Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi ne mutum yake sanin iyakar ɗan gilashin nan 18-55 da ya zo tare da kyamararsa. Kana cikin cincirindon jama'a, dogarai sun tare hanya, can ga mahayi ya sako doki, alkyabba na kaɗawa. Ka danna, ka duba. Rabin hoton sama ce, rabi kawunan mutane, dokin kuwa bai wuce ƙwayar gujiya ba. Daga ranar ake fara neman dogon gilashi mai zum, wanda masu hoto na nan suke ce wa objektif, ƴan kasuwar Kano kuma su ce lens.

Kwanan baya wani yaron unguwarmu mai Canon 1300D ya same ni da hotunan gilasai biyu a wayarsa. Ya ce, "Yaya, ga 75-300, ga 55-250. Ai na 300 ya fi jawowa, kuma ya fi araha. Me zan tsaya jira?" Na ce masa, "Ƙanena, zauna tukuna." Abin da na gaya masa a ranar shi na faɗaɗa a nan, don mutane da yawa a kan wannan lamba ta 300 suke yin asarar kuɗinsu.

Abin da za ka duba kafin ka taya

Farkon komai shi ne baki. Kowane kamfani da irin bakin kyamararsa, gilashin Nikon ba ya hawa Canon, na Canon ba ya hawa Sony sai da mahaɗi. Ko cikin gida ɗaya ma akwai wanda zai hau ya ƙi aiki. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kowanne tsada, zan dawo kansa idan mun zo kan Nikon.

Sai nisa. Yawancin kyamarorin da ke hannunmu masu ƙaramar sensa ne, wato ɗan allon ciki da ke karɓar hoto, irin su Canon 600D, 700D, 1300D, 2000D, ko Nikon D3200, D3400, D5300. A kansu lambar da ke jikin gilashi, wato milimitan da ke nuna yawan jawowarsa, ana ninka ta: sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon da Sony. Ke nan 250 a Canon yana ba ka ganin da 400 ke bayarwa a babbar kyamara mai babbar sensa, 300 kuma 480, a Nikon 450. Tsakanin 250 da 300 bambancin kashi 20 cikin 100 ne kacal a girman abin da ka ɗauka. Da kyamara mai megafiksel 18 ko 24, ɗan yanke gefen hoton a kwamfuta ko a waya ya cike wannan giɓi, muddin hoton ya fito tas tun farko. Idan kuwa bai fito tas ba, babu gyaran da zai cece shi.

Na uku, kuma a wurina shi ne zuciyar maganar: maganin rawar hannu. Canon na rubuta IS, Nikon VR, Tamron VC, Sony OSS, duk abu ɗaya ne. Dogon gilashi yadda yake ƙara girman doki haka yake ƙara girman rawar hannunka, har numfashinka yana gani. Ƙa'idar da masu hoto suka daɗe da ita ita ce saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza lambar nisan. A 300 kan ƙaramar Canon, wanda ya kama 480, kana buƙatar 1/500 na daƙiƙa. Da rana tsaka wannan ba matsala ba ce, Allah Ya hore mana rana: a ISO 400 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da f/8 (faɗin ƙofar hasken gilashi) kana samun sama da 1/1000 ba wahala. Amma wa ke son hoton rana tsaka, fuska duk inuwa, ido a kanne? Hoto mai kyau bayan la'asar yake, lokacin da rana ta yi sanyi, ƙura ta koma ruwan zinariya. A lokacin ne haske ke guduwa, a lokacin ne kuma gilashin da ba shi da wannan na'ura yake juya maka baya.

Na koyi wannan a filin kokowa na Yakuba Ango Kantu. Gilashina na farko 300 ne na hannu, ba maganin rawa, na saye shi saboda lambar. Da safe hotuna suka yi kyau. Da yamma ta yi, wani ɗan kokowa ya tsaya cik yana kirari, layu sun cika masa damtse, gumi na bin ƙirjinsa, makaɗa na zuga shi. Bai motsa ba, ni ne hannuna ya motsa. Da na koma gida na buɗe hotunan, layun duk sun zama biyu-biyu. Har yau ina jin zafin wannan hoto.

Sai dai a fahimta: na'urar tana tsayar da rawar hannunka ne, ba ta tsayar da doki mai sukuwa ko ɗan kokowar da ya ɗaga abokin karawarsa. Waɗannan sai 1/1000 ko kusa da haka, ko da wane gilashi ne.

Na huɗu saurin kama saiti, wato yadda injin cikin gilashin yake nemo abin da ka nufa. Na biyar nauyi da ƙarko. Na shida kuɗi. Game da ƙofar haske ba sai an ja magana ba, duk gilasan wannan aji a ƙarshen zum suna tsakanin f/5.6 da f/6.3, bambancin da bai kai a yi gardama a kansa ba. Dukansu ƴan rana ne.

Kalma ɗaya kan farashi. Lambobin da zan kawo farashin sabo ne na lokacin da kayan suka fito, da dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa ba. Amfaninsu su nuna maka wane ne sama da wane. Abin da za ka biya a hannu ya danganta da inda kayan suka biyo. Idan ta Kano ne, ta Jibiya da Ɗan Isa, to canjin naira na ranar ne zai yanke. Idan ɗan'uwa ne zai riƙo maka daga Faransa, lissafin ya fi sauƙi tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne kullum: gilashin yuro 200 ya kama jika 131, kafin kuɗin ɗauko da na duwan.

Canon EF 75-300 f/4-5.6 III

Shi ne ya cika kasuwa, don sau da yawa ana haɗa shi da kyamara a kwali ɗaya. Ya fito tun 1999, zamanin fim. Sabonsa kusan dala 200, na hannu kuwa shi ne mafi araha a duk dogayen gilasan Canon. Nauyinsa giram 480, bakinsa na ƙarfe ne, yana hawa ƙananan kyamarori da manya irin 5D da 6D. Ba shi da abubuwa da yawa a ciki, don haka abin lalacewa ma kaɗan ne.

Iyakar alherinsa ke nan. Ba shi da IS. Injin saitinsa na da ƙara, ba shi da sauri, gaban gilashin kuma yana juyawa idan yana nema. Daga 75 zuwa wajen 200 hotonsa ba laifi, amma da ka kai 300, wato wurin da ka saye shi dominsa, sai kaifin ya ragu, kuma inda fari ya haɗu da duhu, kamar farin rawani a gaban inuwar zaure, za ka ga wani siririn zane ruwan shunayya a gefe. Rufe ƙofar haske zuwa f/8 na rage wannan. Ba ya kama saiti sai abu ya kai mita 1.5.

Idan kyauta aka ba ka, ko ya zo cikin kwalin kyamararka, yi aiki da shi da rana, za ka koyi abubuwa da yawa. Ka fitar da kuɗinka ka saye shi alhali akwai na ƙasan nan, wannan ban ba ka shawara ba.

Canon EF-S 55-250 f/4-5.6 IS STM

Wannan na ce wa yaron ya saya. Ya fito a 2013 a kan kusan dala 350, daga baya ya sauko wajen 300. Giram 375 ne, za ka wuni da shi a wuya ba ka gaji ba. IS ɗinsa na ba ka damar sauko da ƙiftawa daga 1/400 zuwa wajen 1/60 ga abin da ke tsaye, hoton kuma ya fito. Kaifinsa a 250 ya fi na wancan a 300 nesa ba kusa ba, har idan ka yanke hoton ka daidaita girmansu, nasa ne zai fi nuna zaren alkyabba. Injin STM shiru yake aiki, ga mai ɗaukar bidiyon biki wannan babban abu ne, don ƙarar inji ba ta shiga cikin sauti. Yana kama saiti tun daga santimita 85, ke nan furen yakuwa, zanen lalle a hannun amarya, idon jar akuya, duk suna samuwa.

Rauninsa: jikinsa roba ne har bakin. Idan kyamara ta faɗo daga kan babur, bakin ne zai fara karyewa. Kada ka ɗauki kyamarar ta gilashin kana lilo da ita. Ba ya hawa 5D da 6D. Kuma saitin hannu ba ya aiki sai kyamara na kunne.

A kula, akwai yayyensa biyu masu suna kusan iri ɗaya, 55-250 IS na 2007 da IS II na 2011. Su ma suna da IS, sun fi 75-300, amma injinsu tsohon yayi ne mai ƙara. Idan babu haruffan STM a jikin gilashin, kada a karɓi kuɗin STM a hannunka.

Ɓangaren Nikon

AF-P DX 70-300 f/4.5-6.3G ED VR, na 2016, kusan dala 400, giram 415. A saurin kama saiti babu kamarsa a wannan jeri, kafin ka gama taɓa maɓalli ya kama, kuma ba ka jin motsinsa. Kaifinsa har 300 yana nan. Ga mai D3400, D3500, D5600 ko D7500, ban san abin da ya fi shi a wannan kuɗi ba. D3300 da D5300 na aiki da shi idan an sabunta manhajar cikinsu.

Amma tarko biyu ne a nan, kuma duka biyun suna kama mutane. Na farko, gilasan AF-P ba sa aiki da tsofaffin kyamarori: D3000, D3100, D3200, D5000, D5100, D90, D7000. Zai hau daram, amma ba zai kama saiti ba, ko da hannu ka juya. Ga shi kuwa D3100 da D3200 suna da yawa a hannun jama'a. Na biyu, akwai tagwayensa wanda ba shi da VR, kamanninsu ɗaya, bambancin farashinsu a sabo dala 50 ne kawai. Ka nemi haruffan VR da idonka a jikin gilashin, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a talla.

Mai tsohuwar kyamara sai ya koma ga AF-S DX 55-300 VR na 2010. Ya fi nauyi, ya haura rabin kilo, bakinsa ƙarfe, hotonsa mai kyau ne, sai dai saitinsa na da nawa, doki mai gudu yakan tsere masa. Akwai kuma ƙaramin 55-200 VR II, giram 300, ga wanda bai damu da tsuntsaye ba. Tsohon AF 70-300G mai arahar nan kuwa, wanda ba AF-S ba AF-P, ba shi da inji a cikinsa, kuma kyamarorin D3000 da D5000 da ƙannensu ba su da injin da za su juya shi. Da hannu za ka yi ta fama.

Tamron SP 70-300 f/4-5.6 Di VC USD

Ya fito a 2010, kusan dala 450. Ana yin sa da bakin Canon da na Nikon, sai ka tabbatar wanne aka miƙo maka. Shi ne ƙaƙƙarfan cikinsu: giram 765, ninki biyu na Canon 55-250, bakin ƙarfe, filta mai faɗin milimita 62. VC ɗinsa idan ya kama, sai ka ga hoton ya daskare a ido kamar an kafa shi da ƙusa. Yana aiki da tsofaffin Nikon ɗin da AF-P ya ƙi, yana kuma rufe babbar sensa, don haka idan wata rana ka koma 6D ko D750 ba sai ka sake saye ba.

Nauyin nan fa gaskiya ne. A kan ƙaramar kyamara gaba yake rinjaya, bayan awa biyu a rana wuyanka zai gaya maka. Kada kuma a rikita maka shi da ɗan'uwansa mai araha, Tamron 70-300 LD Macro, ko Sigma 70-300 DG Macro. Waɗannan ba su da maganin rawa, ajinsu ɗaya da Canon 75-300, illa dai suna iya jawo ƙananan abubuwa kusa sosai.

Masu Sony irin a6000 zaɓinsu a wannan kuɗi E 55-210 OSS ne, giram 345, mai sauƙin riƙo, nisansa dai ya fi na sauran gajarta.

| Gilashi | Shekara | Nauyi | Maganin rawa | Saiti | Sabo, dalar Amurka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Canon 75-300 III | 1999 | giram 480 | babu | mai nawa, da ƙara | kusan 200 | dishi-dishi a 300 da yamma |
| Canon 55-250 IS STM | 2013 | giram 375 | akwai | mai sauri, shiru | kusan 350 | bakin roba |
| Nikon AF-P 70-300 VR | 2016 | giram 415 | akwai | mafi sauri | kusan 400 | ba ya aiki da tsofaffin kyamarori |
| Tamron SP 70-300 VC | 2010 | giram 765 | akwai | matsakaici | kusan 450 | nauyi, sayen baki ba daidai ba |
| Sony E 55-210 OSS | 2011 | giram 345 | akwai | matsakaici | kusan 350 | gajeren nisa |

Ƙura, damina, da kayan hannu

Ƙarkon gilashi a garin nan ba sunan kamfani ke yanke shi ba, ƙura ce. Duk waɗannan idan ka juya zum tsawo suke yi su koma, suna shaƙar iska suna fitarwa kamar zugazugin maƙeri, kuma babu wanda aka toshe shi gaba ɗaya. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka sauya gilashi a fili. Shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakin kyamara ƙasa, ka yi da sauri. Kada ka goge gaban gilashi da bakin riga, ƙurarmu yashi ce, kankarewa take yi. Fara hurewa da ƴar robar hura iska, sannan ƙyalle mai laushi. Hular gilashi, wato kwanon nan da ake ɗaurawa a gabansa, ta fi filta mai araha amfani, tana tare rana tana kuma karɓar bugu. A zafin Afrilu da Mayu kada ka bar shi cikin rufaffiyar mota. Da damina kuma abokin gaba fumfuna ne: kada ka kulle shi a akwati watanni, ka riƙa fito da shi, ka ajiye shi da ƴan ƙunshin shan danshin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi.

Akwai abin da ba laifin gilashi ba ne. Idan ka ɗauki abu mai nisa sosai da rana tsaka, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa hoton ya yi rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, hazo kuma ya wanke launinsa. Gilashin miliyan ma haka zai yi. Maganinsa ka fita da sassafe, ka kuma matsa kusa da ƙafarka.

Tunda yawancinmu na hannu za mu saya, je da kyamararka, kada ka yarda da "ai yana yi". Cire murafan biyu, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. Ƴar ƙura ba komai ba ce, ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zane kamar saƙar gizo-gizo, ko hazo a ciki. Juya zum daga farko zuwa ƙarshe, idan ka ji ƙaras-ƙaras yashi ya shiga. Ɗora shi, ka saita kan abu na kusa, sannan na nesa, sau goma. Kai zum ƙarshe ka taɓa maɓalli rabi: idan maganin rawar na da lafiya za ka ga hoton ya natsu. Ɗauki rubutun allon wani shago, ka faɗaɗa, ka duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama. Ka tuna mai gyaran gilashi ba kamar mai gyaran waya ba ne da ke kowace kwana, idan ya lalace sai an yi tafiya da shi.

Wa zai ɗauki wanne

Idan hawan sallah da kokowa ne suka ja ka, a nan Maradi ko a fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, saurin saiti kake nema: Canon 55-250 STM, ko Nikon AF-P VR idan kyamararka ta yarda da shi. Sa ƙiftawa a 1/1000, ka bar ISO ya hau yadda ya ga dama. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, wanda hawan ISO ke kawowa, ya fi hoton da ya narke.

Idan tsuntsaye ne, balbela da zalɓe a bakin tafkin Madarunfa, ko shamuwa da ta sauka farkon damina, to kowane milimita na da daraja: Nikon AF-P ko Tamron VC. Ka sani ko 300 ɗin ma ƙaramin tsuntsu ƙarami zai fito, sai ka koyi zama shiru a gindin itace har ya saba da kai. Mai niyyar zuwa Gadabeji ganin raƙuman dawan da aka kai can daga yankin Kure a 2018, kowanne cikin masu maganin rawa ya ishe shi, dabbar babba ce. Kafin kowace fita daji, musamman ta kudu wajen iyaka, a tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki.

Idan hoton mutane ne a waje, ango da abokansa, ɗalibai ranar kammala karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ba ka buƙatar 300 ko kaɗan. Tsaya tsakanin 100 da 200, ka nisanta mutumin daga bango, bayansa zai narke fuskarsa ta fito. Canon 55-250 ko Nikon 55-200 sun wadatar. Dogon gilashi yana ba ka ikon ɗaukar mutum bai sani ba, to kada ka yi. Nemi izini, musamman ga mata da ƴaƴan mutane, kuma kada ka kuskura ka nuna shi wajen sojoji, bariki ko shingen bincike.

Idan aikinka cikin ɗaki ne ko da dare, kamu, walima, suna, ajiye maganar dogon zum gaba ɗaya. Ɗan gilashin 50 f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6, kuɗinsa kuma bai kai na yawancin waɗannan ba.

Mai D3100, D3200 ko D90, da mai shirin komawa babbar kyamara nan gaba: Tamron VC, ko Nikon 55-300 VR idan ba za ka bar ƙaramar sensa ba.

Wanda kuma kuɗinsa bai wuce na 75-300 ba a yau, ina ganin gara ya ƙara haƙurin wata biyu ko uku ya cika, ko ya nemi tsohon 55-250 IS II. Yaron unguwarmu haka ya yi. Da ya samo STM ɗinsa na hannu, tare muka haska shi da fitilar waya a ƙofar gida, muka ga ƙura ƙwaya biyu, ba fumfuna, ya biya. Washegari da la'asar ya tafi bakin Gulbi gwaji, ya dawo mini da hoton wani mai ban-ruwa a lambu daga tsallaken fadama, ana iya ƙirga ɗigon ruwan da ke zuba daga bakin bokitinsa.